Lauya Divna ta Dunjevo da Shari'ar Haƙoran Milun

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya Divna Gavrilović ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1969 a garin Dunjevo da ke kudancin Sabiya, a zamanin da ƙasar take cikin tarayyar Yugoslabiya. Mahaifinta, Dobrivoje Matejić, shi ne mai tsaron mararrabar jirgin ƙasa ta bakin gari, mahaifiyarta Leposava kuwa ita ce mai dafa wa yaran firamare abincin rana. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, ita kaɗai ce mace. Mahaifiyarta ta sha faɗin cewa Divna ta iya magana kafin ta iya tafiya, kuma tun daga lokacin ba a sake cin abinci cikin shiru a gidan ba.

Tana shekara tara wani malami ya zane ƙaninta da sanda bisa laifin da ba shi ya yi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma jira a tashi makaranta ba. Sai ta ja yaron da hannu zuwa ofishin hedimasta, ta ɗaga masa riga, ta ce a duba yanzu, domin zuwa gobe shatin zai ɓace, a ce ƙarya suke yi.

Karatu da fara aiki

Ta gama sakandare a 1988, ta wuce birnin Niš inda ta karanci shari'a har zuwa 1993, cikin shekarun da ƙasar ta yi ta wargajewa, kuɗi suka lalace, ɗalibai suka rayu da wake da kabeji da iyayensu ke aiko musu ta hannun direbobin bas. Bayan ta dawo gida ta yi shekara uku tana koyon aiki a hannun wani dattijon lauya wanda duk shari'unsa na iyakar gona ne da rabon gado, sannan a 1996 ta buɗe nata ofishin a saman gidan burodi, ɗaki ɗaya mai ɗumi da sanyin hunturu bai taɓa shiga ba. Mutanen gari sun yarda da ita tun da wuri, saboda takan faɗa wa mutum gaskiyar shari'arsa kafin ya gama zama.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1997 ta auri Tihomir Gavrilović, likitan dabbobi, mutum mai haƙuri wanda ya fi sakewa da shanu a kan mutane. Suka zauna a gidan mahaifiyarsa, Stamena, wadda ke riƙe da makullan gidan da al'adunsa baki ɗaya.

Kamar kowane gida a Dunjevo, gidan Gavrilović yana da kum ɗinsa, wato mutumin da ke tsayawa bayan ango a coci ranar ɗaurin aure, shi ne kuma zai riƙe duk ɗan da aka haifa ranar baftisma ya raɗa masa sunan da ya ga dama, uwa da uba su ji a bakinsa tare da kowa. Kumanci gado ne tsakanin gida da gida, ba a sauya shi, ba a faɗa da kum, ba a ko ɗaga masa murya. Kum na gidan Gavrilović tun kaka da kakanni daga zuriyar Stanojlović yake fitowa, kuma a wannan zamani gadon ya faɗo kan Budimir Stanojlović, shugaban caji ofis na garin, ƙaton mutum mai gashin baki da son a gaishe shi daga nesa. Shi ya raɗa wa ɗan farin Divna suna Vojin a 1998, ya raɗa wa ta biyu Persida a 2001. Divna ta so wasu sunayen dabam, amma ta miƙa masa sabuwar riga da safa da tawul kamar yadda ake yi wa kum.

Ba gidan Gavrilović kaɗai ba. Tun da Budimir ya sami muƙami, duk wanda kum ɗinsa na gado ya mutu ko ya tafi Jamus neman aiki sai ya garzaya wurinsa, domin kowa yana son ɗan sanda a cikin dangi. Har ta kai ana cewa Budimir bai taɓa sayen riga da kuɗinsa ba.

Abin da ya faru a watan Satumba na 2004

A wata Asabar ta watan Satumba na 2004 ayarin wani biki ya tare hanyar kasuwa, motar caji ofis ta tsaya a baya tana jira. Masu busa a bukukuwanmu sukan kafa bakin begila a kunnen babban mutum, ba sa ɗaukewa sai ya liƙa musu dinari a goshi. Wani matashi mai busa, Milun, ɗan shekara ashirin da biyu, ya ga babban mutum a mota, taga a buɗe, sai ya kafa. Budimir bai liƙa komai ba. Milun ya ɗauka busar ce ba ta gamsar ba, sai ya ƙara ƙarfi. Mutum ɗari uku suna kallo aka jefa shi a bayan motar. Da la'asar aka sake shi babu haƙoran gaba biyu, tare da tuhumar cewa ya kai wa jami'i hari da makami, wato begilar. Mai busa da babu haƙoran gaba ba shi da sana'a, tuhumar kuwa tana iya kai shi gidan yari.

Mahaifiyarsa ta kawo shi gidan Divna. Suka same ta a tsakar gida da cikin wata biyar, tana gasa tattasai don ajiyar hunturu kamar kowace mace a garin a wannan wata.

Divna ta ce, "Wa ya yi maka haka?"

Milun ya ce, "Matakala," iska na fita ta giɓin. "Haka suka ce in ce."

"Caji ofis ɗinmu ai ba bene ba ne."

"Ni ma na faɗa musu, Lauya. A lokacin haƙori ɗaya ne ya fita."

Divna ta kashe wutar, ta bar tattasan. Abin da ta yi a wannan yini ya kamata kowace uwa ta riƙe. Ta hana mahaifiyar wanke rigar mai jini, ko da yake matar ta ce kunya take ji a ga ɗanta da datti a gaban hukuma. Ta ɗauki hoton bakin da na haƙarƙarin da jaridar ranar a gefe. Sannan ta sa yaron a motar mijinta mai warin maganin shanu, ta wuce asibitin garin ba ta ko dube shi ba, domin Budimir ne ya raɗa wa 'ya'yan likitan suna, ta kai shi asibitin wata gunduma, inda ta tsaya a kan likita har ya rubuta kowane rauni da girmansa da wurinsa da abin da yaron ya ce ya jawo shi.

Da ta dawo, surukarta na zaune a bakin ƙofa.

Stamena ta ce, "'Yar nan, kum ake kai wa kotu? Cikin da ke jikinki wa zai raɗa masa suna, alƙali?"

"Mama, shi ma yaron nan wata ce ta haife shi."

"To ta kai ƙara da kanta mana. Ita ba kum ɗinta ba ne?"

"Kum ɗinta ne."

"Kin gani. Ta fi ki hankali."

Tihomir, da aka nemi ra'ayinsa, ya ce akwai wata saniya da ke naƙuda a ƙauye.

Bayan mako guda Budimir ya zo da kansa. Aka ba shi kujerar baƙi, cokalin zaƙi da ruwan sanyi, sannan gahawa. Ya sha, ya share gashin baki, ya dubi cikin Divna.

Ya ce, "Uwar Vojin, suna yana nan a bakina, na mace da na namiji, masu daɗi. Ranar da kika janye maganar mai begila, ranar zan faɗa."

"Kum, ai kunnenka ya warke. Haƙori ba ya tsirowa."

"Ya warke? Har yanzu in na kwanta bikin nake ji."

Ya tafi ba tare da ya kifa kofinsa kamar yadda baƙo ke yi bayan shan gahawa ba, abin da Stamena ta ce ba a taɓa yi a gidan ba.

Yarinyar da ba ta da suna

An haifi ta uku, mace, a watan Janairu na 2005, lafiyayyiya, mai cin abinci. Kum bai zo ba. Ofishin rajistar haihuwa ba ya jiran kum, don haka Divna ta rubuta Neda a takarda. Stamena ta yanke hukunci cewa wannan sunan gwamnati ne, duk wanda ya furta shi a ƙarƙashin rufinta ya nemi wani gidan, kuma babu wani kum da za a ɗauko daga waje muddin tana numfashi. Fada, limamin coci, ya ce shi ba zai shiga tsakanin gida da kum ɗinsa ba. Aka riƙa kiran yarinyar Mala, wato ƙarama, a kan cewa na ɗan lokaci ne. Daga nan abin ya tsaya a fili: ko Divna ta janye shari'ar Milun 'yarta ta sami suna da baftisma, ko ta ci gaba yarinyar ta zauna a haka.

Shekarun shari'a

Da farko ta kai ƙorafi ga mai gabatar da ƙara, a rubuce, cikin wa'adi, duk da ta san amsar. Ya yi wata takwas yana nazari, sannan ya ce babu hujja. Tihomir ya tambaye ta dalilin wahalar, ta ce kotun sama ba ta sauraron wanda bai ƙwanƙwasa ƙofofin ƙasa ba, saboda haka kowace ƙofa sai an ƙwanƙwasa, kuma duk wanda ya ƙi buɗewa sai ya sa hannu cewa ya ƙi.

Sai maganar shaidu. Cikin mutum ɗari uku da suka halarci bikin babu wanda ya ga komai. Wasu suna ɗaure takalmi, wasu rana ta shiga idonsu, uban amarya ya rantse cewa bai ma san an yi busa a bikin ba. Divna ta zauna ta lalubo mutum ɗaya a layin kasuwa da take ganin kumanci ba zai taɓa shi ba: Ramiz mai kayan zaƙi, Musulmi, wanda shagonsa ke kallon ƙofar caji ofis.

Ramiz ya ce, "Wallahi na gani, Lauya. Da haƙoransa ya shiga, yana ma dariya."

"To za ka faɗa a kotu?"

Ya sunkuyar da kai yana goge kanta. "Kin san ɗana Enes? Askinsa na fari, Budimir ne ya yi masa. Kum na aski ne. Ki ɗauki baklawa, ba sai kin biya ba."

Ta ɗauka, domin tana shayarwa.

Ganin haka ta sauya dabara. A 2006 ta shigar da ƙarar neman diyya, ba a kan Budimir ba, a kan gwamnatin da ta ba shi kaki da sanda, bisa hujjar cewa duk wanda ya shiga hannun hukuma lafiya ya fito da rauni, hukuma ce za ta yi bayani, ba shi ba. Wannan ya ba ta riba biyu. A kotu, nauyin bayani ya koma kan masu matakala. A gida kuwa Stamena, bayan ta kwana tana tunani, ta bayyana cewa kai gwamnati ƙara ba zunubi ba ne, hasali ma ita kanta ta daɗe tana so, sai ta dawo da zuba wa Divna miya da nama a ciki. Budimir dai ya aiko a faɗa cewa shi da gwamnati abu ɗaya ne, sunan kuma yana nan a bakinsa.

Sammacin da aka rubuta masa ya zo ya ba da shaida ya shekara yana yawo, domin masinjan kotu, wanda Budimir ya tsaya masa a aure, kullum sai ya tarar ba ya gida, ko da suna shan gahawa tare. Divna ta jira ranar bikin waliyyin gidan Stanojlović, ranar da ba a korar baƙo ko da maƙiyi ne, ta je da Mala a hannu da ma'aikacin wata kotu a bayanta. Aka ba su zaƙi da ruwa, aka ba Budimir sammacinsa. Ya dubi yarinyar ya daɗe, ita ma ta dube shi, ta kama gashin bakinsa ta ja.

A 2008 Divna ta roƙi alƙali ya je ya ga matakalar da idonsa. Aka sa rana. Da tawagar kotu ta isa, sai ga matakala sabuwa fil a ƙofar baya, tana hawa zuwa wani bango da babu ƙofa a jikinsa. Alƙali ya taka don ya gwada, takalminsa ya nutse a siminti. Divna ta roƙi a rubuta wannan a kundin shari'a, aka rubuta, aka kuma aika gida a kawo wa alƙali wani takalmin.

Da hujjar matakala ta faɗi, lauyan gwamnati ya kawo wani likita da ya shaida cewa haƙoran sun riga sun yi rauni saboda Milun yana yawan zama a inda iska ke ratsawa tsakanin taga da ƙofa. A wata ƙasa da an yi dariya. A Dunjevo, inda kowa ya san wani da irin wannan iska ta karkatar wa baki, alƙali ya sa aka rufe tagar bayansa. Ya kori ƙarar a 2009 ba tare da Budimir ya amsa sammacin ba. Divna ta ɗaukaka, kotun sama ta soke hukuncin ta ce a sake sauraro, ta kuma ce a ji ta bakin shugaban caji ofis da kansa. Tuhumar da ake wa Milun ita ma tana nan a rataye, begilarsa na ɗakin ajiyar kotu da lamba a wuya. Shi kuwa yana ɗaukar buhuna a kamfanin niƙa, yana dariya da hannu a baki.

Duk wannan lokaci Mala tana girma. Divna ba ta taɓa fashin rigakafi ba, ba ta taɓa barinta ta fita da jiƙaƙƙen kai ba, amma akwai abin da hula ba ta karewa. A makarantar yara malama ta kira Neda, yarinyar ba ta waiwaya ba. Ran nan ta dawo ta tambayi uwarta ko in ta girma ma ƙarama za a riƙa ce mata. Divna ta ce mata a'a, sannan ta shiga ɗakin girki ta daɗe tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Rashin lafiyar Mala

Budimir ya yi ritaya a 2010. Tun kafin nan kasuwarsa ta fara ja baya, domin matan gari sun soma cewa kum da zai bar jinjira shekaru babu suna zai iya yi wa kowa. Sababbin ma'aurata suka koma roƙon mai kantin magani. A bazarar 2011 aka ga Budimir a shago yana tambayar kuɗin riga, bai ma san lambar wuyansa ba.

A watan Nuwamba na wannan shekara ciwon ciki mai tsanani ya kama Mala tana makaranta. Stamena ta ce a kira fada, Divna ta ce a kira mota. Likitoci suka ce sai an yi aiki nan take, kuma an makara kaɗan. A nan ne Divna, tana tsaye a barandar asibiti da takalmin yarinyar a hannu, ta ce wa mijinta in ta kama a janye za ta janye.

Tihomir ya ce, "Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Kai me ka gani?"

Ba a taɓa neman ra'ayinsa karo na biyu ba sai ranar. Ya ce, "Ni dai na ga likita ne ke ciki da ita, ba kum ba. Ki bari a fito."

Labari ya riga ya zaga gari. Matan layin kasuwa, har da matar Ramiz da mahaifiyar Milun, suka ɗauki saƙarsu suka je suka zauna a ƙofar gidan Budimir. In ya leƙo ta taga sai su ɗaga kai su dube shi, su ci gaba da saƙa. Matarsa ta fito da gahawa ta ba su, sannan ta ɗauko tata kujerar ta zauna a cikinsu. Kafin rana ta faɗi aka gan shi ya fito da rigar da ya saya, ya bi ta gidan fada.

A asibiti ya tarar an fito da yarinyar, tana barci, likita ya ce za ta tashi.

Ya ce, "Uwar Vojin, kin janye?"

Divna ta dubi gadon. "Ban janye ba, Kum."

"To ni ma ban janye ba. Matsa in wuce."

Aka yi baftismar washegari a ɗakin asibiti da ruwan ɗumi, domin Divna ta ce ba za a taɓa mata yarinya mai ɗinki da ruwan sanyi ba. Budimir ya riƙe hannun Mala, ya ce sunanta Kosara, sunan mahaifiyarsa ke nan da ya ajiye mata tun tana ciki. Yarinyar ta maimaita a hankali, ta ce ba laifi. Stamena ta miƙa masa riga da safa da tawul da suka shekara bakwai a ƙasan akwati, rigar ta yi masa kaɗan.

Hukunci

A watan Afrilu na 2012 Budimir ya tsaya a akwatin shaida. Alƙali ya rantsar da shi, ya rantse ba tare da ya ƙifta ido ba, ya ce yaron faɗuwa ya yi. Sai Divna ta miƙe.

Ta ce, "Kum, kai ka riƙe Vojin, kai ka riƙe Persida, kai ka riƙe Kosara. Ni ce uwarsu nake tambayarka. Faɗuwa ya yi?"

Lauyan gwamnati ya ce wannan ba tambayar shari'a ba ce. Alƙali, wanda shi ma ɗan Dunjevo ne, ya ce yana so ya ji amsar.

Budimir ya ce, "Ki tambaye ni a matsayin lauya mana."

"Na yi shekara takwas ina yin haka."

Ya dubi alƙali, ya dubi rufi, ya ja kwalar da ta shaƙe masa wuya. Ƙarya ga alƙali aikin hukuma ne, ya saba. Ƙarya ga uwar 'ya'yan da ya riƙe a coci, gari na kallo, wannan bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Bai faɗi ba. Na farko ni ne. Na biyun wani yaro ne a cikin yarana, ya ga na yi. Amma a rubuta cewa kunnena ma ya sha wuya."

Aka rubuta. Da jin haka shaidu suka warke gaba ɗaya, har sai da alƙali ya ce ya isa, uban amarya ma ya tuna da waƙar da ake busawa. A watan Yuni kotu ta yanke cewa an ci zarafin Milun a hannun hukuma, ta umarci gwamnati ta biya diyya, wata kotun kuma ta wanke shi daga tuhumar hari, aka mayar masa da begilarsa. Ya sa haƙoran roba, ya koma busa a wannan kaka. Wa'adin gurfanar da Budimir bisa laifin duka ya riga ya wuce, kuma Divna ba ta taɓa ɓoye cewa wannan yana ci mata rai ba. Takan ce diyya ta fito daga aljihun kowa, hannun da ya yi dukan kuwa yana gida yana ba tumatir ruwa. Duk da haka kowace shekara tana zuwa bikin waliyyinsa, tana faɗa masa wannan a fuskarsa, yana ƙara mata nama.

Shekarun baya

Daga 2012 ofishin da ke saman gidan burodi ya zama wurin da ake kawo irin waɗannan shari'u daga gundumomin kewaye. Ta yi nasara a wasu, ta faɗi a da yawa, biyu ta kai su har kotun Turai. Ba ta son a kira ta jaruma. Abin da take so shi ne iyaye mata su zo da wuri, don haka takan tara su a ɗakin taron makaranta ta maimaita musu: likita a ranar, kuma ba likitan gari ba, kada a wanke riga, kada yaro ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, a tambayi kowane shaida wa ya yi wa ɗansa aski kafin a dogara da shi. Stamena ta rasu a 2016, bayan ta shaida wa maƙwabta cewa dabarar kai gwamnati ƙara tata ce. An roƙi Divna sau da dama ta zama kum ga wasu gidaje, ta ƙi, ta ce garin yana bukatar mutum ɗaya da kowa zai iya yi wa ƙarya kuma ya iya kai shi kotu.

Rasuwa

A farkon 2024 aka gano tana da cutar daji. Ta ci gaba da aiki har zuwa kaka, ta miƙa kowace shari'a ga wani lauya da wa'adinta a rubuce, ta cika ɗakin ajiya da kwalaben tattasai, ta nuna wa Tihomir inda rigunan sanyi suke. Ta rasu a gidanta ranar ashirin da uku ga watan Nuwamba na 2024, tana da shekara hamsin da biyar. An binne ta a maƙabartar Dunjevo kusa da surukarta. Budimir, yana dogara sanda, ya tsaya a inda kum ke tsayawa, ya ƙi kujerar da aka kawo masa har aka gama.

Ta bar mijinta, Tihomir, da 'ya'ya uku: Vojin, likitan haƙori a Niš, Persida, malamar lissafi a makarantar garin, mai 'ya'ya biyu, da Kosara, ɗalibar shari'a a shekara ta biyu, wadda a takardun gwamnati har yau Neda ce, domin ofishin rajista ya ce ba shi da shaidar cewa wani ya taɓa kiranta da wani suna dabam. Ta shigar da ƙara da kanta, ta sa kum a matsayin shaidarta na farko. An ɗage zama zuwa watan Maris.